Bindigar Da Yayan Matata Ya Kawo Mini

A shekarar da wannan abu ya same ni, ni magidanci ne mai shekara arba'in da biyu, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, ina zaune a gidan da na gina da gumina a Azuba, gefen garin Lafia. Sana'ata ƙarfe ce. Ina da shago a cikin garin Lafia kusa da masu casar shinkafa, kuma duk wanda sandar injinsa ta karye ko haƙoran giyarsa suka cinye, wurina yake zuwa. Masu injin niƙa, masu gurzar rogo, masu injin ban ruwa, har daga ƙauyuka ake ɗauko mini aiki a bayan babur. Ban yi jami'a ba, makarantar koyon sana'a kawai na gama, amma kowa Injiniya yake kirana, ni kuma sunan yana yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata. Ba na shaye-shaye, ba na neman mata, ban taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba ko da ba da shaida ne. Ina roƙon ku masu buga wannan takarda ku sakaya sunana da na duk wanda zan ambata, ba don dukansu sun cancanci rufin asiri ba, sai don 'ya'yana da har yanzu suke zuwa makaranta a garin nan.

Wata shekara wani dattijo da zai rufe shagonsa ya koma garinsu ya sayar mini da ƙaramin injin sassaƙa ƙarfe, irin wanda ake ɗaure ƙarfe a kan tebur, haƙori yana juyawa daga sama yana cin sa daidai yadda ka saita. Ban kai shi shago ba. Gida na kai shi, na gyara ɗakin da ke bayan kicin, na ja masa wuta, na ce wannan na jin daɗina ne ba na neman abinci ba. Da la'asar idan na dawo, ko ranar Lahadi, sai in shiga in turo ƙofa in yi ta ƙera abubuwan da ba wanda ya sa ni. Na yi wa matata sabon hannun tukunyar gas, na yi sakatar ƙofa da har maƙwabta suka riƙa zuwa gani. A wannan ɗakin ne na fara kallon bidiyon wasu Turawa a waya, mutane a garejin gidajensu suna sassaƙa sassan ƙaramar bindiga da inji irin nawa sak, suna dariya suna nuna wa duniya. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko dokar ƙasarsu ɗaya ce da tamu ba. Aikin hannu kawai nake gani, zuciyata kuma tana ce mini hannuna bai gaza nasu ba.

Mahaifiyata 'yar ƙauyen Adogi ce, don haka dangina na can suna da yawa, kuma akwai maharba a cikinsu. Wata rana wani kawuna ya zo da tsohuwar bindigar tokarsa a naɗe cikin buhu, kunamarta ta lalace, ga birai sun dame shi a gonar masara. Na gyara masa cikin yini ɗaya. Ya koma ƙauye ya yi ta ba da labari, sai ga wani ya zo, sai ga wani. Ba na karɓar komai, wani ya kawo doya, wani ya kawo zabo, wani godiya kawai. Abin da nake karɓa na gaskiya shi ne yabo. Tsofaffi su zauna a kan bencin ƙofar gidana suna cewa ko maƙeran zamanin da ba su kai ni ba, ni kuma in yi ta murmushi ina cewa ai ba wani abu ba ne. Na san ko wannan gyaran ba ni da izinin yin sa. Na sani sarai. Amma na ce wa kaina ai bindigar birai ce, waye zai damu da ita.

Matata tana da wa guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara biyu, don haka Yaya nake ce masa. Mutum ne mai fara'a, mai son sa kaya masu kyau, wanda ba za ka iya cewa ga takamaiman aikinsa ba. Yau dillancin fili, gobe ya ce yana bin wani babban mutum, jibi ya ce yana harkar riɗi. Shi ne ya karɓi gaisuwar aurena, shi ne ya raɗa wa ɗana na fari suna. Ban taɓa yi masa kallon mugu ba. Wata Lahadi bayan azahar ya zo gidana, ya ci tuwo tare da ni a kwano ɗaya, ya yi wasa da yara, sannan ya ce in zo mu shiga ɗakin injin akwai magana. Da muka shiga ya turo ƙofa da ƙafa, ya zaro wani abu daga jakarsa a naɗe da tsohuwar singileti. Ƙaramar bindiga ce, ta gaske, irin wadda nake gani a waya. Ƙarfen samanta, wanda yake zamewa baya ya dawo, ya tsage daga gefe. Ya ce ta ogansa ce, wani jami'in tsaro, ta faɗi ne ta tsage, kuma idan aka gane a wurin aiki za a kore shi, ga shi da iyali. Taimako kawai ake nema, a yi sabo a mayar, ba wanda zai ji.

Wallahi da farko na ƙi. Na ce masa wannan ba irin ta maharba ba ce, ya mayar da ita jaka. Bai yi gardama ba. Ya naɗe ta a hankali yana 'yar dariya, ya ce shi ma dama ya gaya wa oga cewa aikin ya fi ƙarfin mutanen Lafia, sai dai a kai kudu, can ne ake da masu hannu. Ya dafa injina ya ce, “Ashe dai na gyaran murfin tukunya ne, Injiniya. Ba komai, kowa da iyakarsa.” Wannan maganar ce ta kashe ni. Ba barazana ya yi mini ba, ba kuɗi ya nuna mini ba. Ya san inda ciwona yake, ya sa yatsa daidai wurin. Har ya kai ƙofa na ce ya dawo in duba. Har yau idan na tuna da bakina na kira shi ya dawo, sai in ji kamar in haɗa kaina da bango. Mutum mai 'ya'ya huɗu, mai furfura a gemu, an ja shi da magana ɗaya kamar akuya.

Sati uku na yi a kan aikin. Ba zan faɗi yadda aka yi ba, kuma duk wanda ya rubuto yana tambaya ku ce masa na ce Allah ya shirye shi. Abin da zan faɗa shi ne na ɓata guda biyu kafin na uku ya yi, kuma a sati ukun nan na manta da komai. Mai injin niƙa ya yi ta zarya shagona kwana huɗu bai same ni ba. Matata ta lura. Wata rana da yamma ta kawo mini ruwa, ta ga abin a kan tebur, ta tambaye ni na waye. Na ce na Yaya ne. Ta ce in na Yaya ne to in mayar masa yadda ya kawo, ita ta fi ni sanin ɗan'uwanta. Na daka mata tsawa na ce tun yaushe ta fara sa baki a aikin maza, ta fita ta ja mini ƙofa. Ta fita. Ranar da na gama, na haɗa komai ya zauna daidai, sai na ɗauki waya na yi bidiyo. Fuskata ba ta fito ba, amma hannuna ya fito, injina ya fito, muryata ta fito ina cewa a Lafia aka yi wannan, ba a Turai ba. Da Yaya ya zo karɓa na nuna masa, ya yi ta jinjina mini, ya ce in tura masa ya nuna wa oga ya ga aiki. Na tura. Ya ciro kuɗi na ce ya bar shi, ai mun zama ɗaya. Guda biyun da suka ɓaci kuma na jefa su cikin durowa, na kasa zubarwa saboda wahalar da na sha a kansu.

Wata huɗu suka wuce, har na fara mantawa. Ranar wata Talata da safe, yara sun sa yunifom ana neman takalmin ƙaramar, sai na ji motoci sun tsaya a ƙofar gida. Kafin in sa riga jami'an tsaro sun cika tsakar gidan. Suka tambayi waye Injiniya, na ce ni ne. Suka ce in nuna musu ɗakin inji. A gaban 'ya'yana aka sa mini ankwa. A gabansu aka fito da bindigogin toka guda uku na maharban Adogi da ke jiran gyara, aka fito da guda biyun nan daga durowa, aka kwance injina aka ɗora a bayan mota. Unguwa ta fito kaf. Mutanen da suka saba zuwa aron guduma a wurina suka tsaya nesa suna kallo, na ji wata mata tana cewa dama ita ta daɗe tana mamakin ƙarar da ke fitowa daga gidan nan. Babbar 'yata, tana aji ɗaya a sakandare lokacin, ba ta yi kuka ba. Ta rufe wa ƙanwarta ido da tafin hannu ta tsaya tana kallona. Ban iya haɗa ido da ita ba.

Sai da muka je ofis na san abin da ya faru. Ranar kasuwar Agyaragu, da la'asar sakaliya, wasu mutane a kan babura sun tare wata motar a-kori-kura da ta ɗauko manoma suna komawa ƙauye bayan sun sayar da doya. Wani manomi ɗan ƙabilar Tibi ya yi ƙoƙarin dirowa ya gudu, aka harbe shi a baya. Mutanen gonakin kusa suka yi kururuwa suka bi su, suka kama ɗaya da bindigar a jikinsa. A wayarsa aka ga bidiyona. Jami'in da ke tambayata ya kunna mini shi, na ji muryata tana alfahari a cikin ɗakin nan, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sannan ya nuna mini saƙon da aka rubuta a ƙarƙashinsa, cewa muna da injiniyanmu, duk mai aiki irin wannan ya yi magana. An tura shi daga waya zuwa waya har an rasa mafarinsa. Babu wani oga. Babu wani jami'in da za a kora. Yaya talla yake yi da ni. Ba na jin haushin jami'an nan ko kaɗan, aikinsu suka yi, kuma da ni ne a kujerarsu abin da zan gani ke nan: mai ƙera wa 'yan fashi makami. Tambaya ɗaya suke maimaitawa, waye ya kawo mini ita. Wanda aka kama bai san sunan Yaya na gaskiya ba, laƙabi kawai ya sani. Ni kaɗai ne zan iya faɗa. Ranar farko na ce su bari hankalina ya dawo jikina.

Washegari surukata ta zo, mahaifiyar matata, tsohuwar da nake durƙusawa har ƙasa in gaishe ta. Na ɗauka ta zo duba ni ne. Ta zauna a bencin masu ziyara, ta fara da Hausa, da ta ga jami'in da ke tsaye kusa yana ji sai ta juya zuwa yarensu na Gwandara. Ba ta tambaye ni ko na ci abinci ba. Ba ta tambayi halin da jikokinta suke ciki ba. Ta ce ɗanta namiji ɗaya ne tak a duniya, in na ambaci sunansa na kashe ta. Ta ce ni dai an riga an kama ni, faɗin sunansa ba zai fitar da ni ba, mutum biyu ne kawai za su lalace maimakon ɗaya. Ta ce in ce wani baƙo ne da ban sani ba, ita ta yi alkawari dangi za su tsaya mini, za a nemo babban lauya, za a kula da yara. Ta kama hannuna da ankwar a jiki tana kuka tana haɗa ni da Allah, tana tuna mini ita ce ta ba ni 'yarta lokacin da ba ni da komai. Na ce, “Mama, an harbi mutum fa.” Ta ce, “Ai ba ɗana ne ya harba ba.” Haka ta ce, ko ɗar ba ta ji ba. Ni kuma, saboda kunyar suruka, na ce mata to.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina ƙarya. Baƙo ne, ban san shi ba, dogo ne, baƙi ne, ya zo a kan babur. Kowace rana ƙaryar tana ƙara nutsar da ni, domin mai gaskiya ba ya ɓoye wanda ya kawo masa aiki. Babban lauyan bai zo ba. Ba wanda ya leƙa gidana da ko mudun garin rogo. Matata ce kaɗai take zuwa kullum da kular abinci, ta rame, idonta ya faɗa. Rana ta goma sha biyu ta zo babu kula a hannunta. Ta zauna ta ce ta je gidansu ta tarar ana haɗa wa Yaya kaya, an ɓoye shi a gonar wani abokinsa, jibi za a fitar da shi zuwa wata jiha. Ta ce mahaifiyarta ta dube ta ta ce miji ana sake wani, ɗan'uwa kuwa ba a sakewa. Ina shirin ce mata ta yi haƙuri sai ta katse ni. “Na riga na gaya musu,” in ji ta. “Kafin in shigo wurinka na shiga ofishin ogansu, na faɗi sunansa, na kwatanta gonar. Kai ka ji kunyarta, ni na ji ta 'ya'yana.” Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba. Matar da na kora daga ɗaki da tsawa ita ce ta yi abin da na kasa yi, kuma ita ce za ta biya.

An kama shi a ranar. Na ɗauka in ya ga asiri ya tonu zai faɗi gaskiya ko don ƙanwarsa. Sai ga shi a kotu, cikin farar shadda, ya rantse ya ce ni ne na neme shi. Ya ce ni na ce masa ina ƙera bindigogi ya samo mini kasuwa, shi ɗan aike ne kawai. Ya nuna guda biyun da suka ɓaci ya ce ga shaida nan, ba ɗaya na yi ba. Mutumin da ya ci tuwo da ni a kwano ɗaya! Na miƙe ina ihu ina ce masa maƙaryaci, sai da aka danne ni aka zaunar. Da ba a riƙe ni ba, ban san abin da zan aikata a gaban alƙali ba. Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini a rai a zaman kotun ba. Ranar da aka kawo manomin ne. Harsashin ya taɓa lakarsa, ƙafafunsa biyu sun mutu. 'Yan'uwansa biyu ne suka ɗauko shi daga mota suka ɗora a keken guragu na aro. Ba zai wuce shekara talatin da biyar ba, ƙaƙƙarfan mutum, kafaɗunsa na mai tada kunyar doya. Da aka tashi, ana fitar da mu, ya ce a tura shi kusa da ni. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ba tsawa ba zagi, ya ce da irin Hausarsa, “Oga, kai ne injiniya ɗin? Aikinka ya yi kyau. Bindiga bai ƙi tashi ba.” Na sha yabo a rayuwata, na neme shi kamar ruwa, ga shi an ba ni na ƙarshe.

Alƙali ya yarda cewa ba na cikin masu fashin, kuma ban san inda bindigar za ta ba. Amma ya ce rashin sani bai wanke ni daga aikin da doka ta hana ba, ga ƙaryar kwana goma sha ɗaya a kai. Shekara uku da 'yan watanni na yi a gidan yari. Yaya ya samu fiye da haka nesa, har yanzu yana ciki, kuma ban taɓa zuwa duba shi ba, ba kuma zan je ba. Ana ce mini in yafe, musulmi ba ya riƙo. Ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa, amma ba zan yi ƙarya a takardar nan ba, har yau ban yafe ba. Shagona ya mutu. Matata ta koma soya ƙosai da doya a bakin titi ta riƙe yara huɗu. Danginta suka yanke ta kamar ba su taɓa haifar ta ba. Ina shekara ta biyu a ciki surukata ta kwanta ciwo, matata ta je dubiya sau uku ana mayar da ita daga ƙofa. Da tsohuwar ta rasu, sai bayan an dawo daga maƙabarta wata maƙwabciya ta gaya mata. Ba ta yi wa uwarta kallon ƙarshe ba. Da ta zo ziyara ta ba ni labari, ba ta ce laifina ne ba. Da ma ta faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Bayan na fito da wata biyu na nemi ƙauyen manomin, can bayan Agyaragu, na hau babur na je ni kaɗai. Na same shi a ƙarƙashin bishiyar mangwaro yana ɓarar agushi a tire, aikin da ya rage masa ke nan. Ya gane ni nan take. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na faɗi duk abin da na daɗe ina shiryawa a raina, ya saurara har na gama. Ya ce ya ji, shi ya bar wa Allah, a cocinsu an koya musu haka. Sai idona ya kai kan kekensa. Taya ɗaya ta karkace, an ɗaure mariƙin da igiyar roba, ƙarfen ƙasan ya kusa rabuwa. Aikin awa biyu ne a wurina. Na ce ya bari in tafi da shi in gyara in dawo masa da shi gobe kamar sabo. Kafin ya amsa matarsa ta fito daga ɗaki, ashe duk tana ji. Ta tsaya tsakanina da keken ta ce, “Ƙarfen da hannunka ya taɓa ya shiga gidan nan sau ɗaya. Ya isa.” Ta nuna mini hanya. Na tashi na kaɗe gwiwata na hau babur. Ban ji haushinta ba, ita ce ta fi kowa gaskiya a cikin duk labarin nan.

Yanzu walda nake yi a shagon wani, ƙofofi da tagogi, ana biyana a yini. Ina jin haushin Yaya, ina jin haushin tsohuwar da ta zaɓi ɗanta ta jefar da 'yarta, ina jin haushin masu yabon da suka watse ranar da mota ta tsaya a ƙofata. Amma in na gama zagaye duka, kaina nake dawowa. Ba wanda ya ɗaure ni ya kai ni gaban injin nan. Ba yunwa ce ta sa ni ba, ba tsoro ba ne. So nake a ce na iya, shi ke nan, kuma a kan wannan wani bawan Allah ya rasa ƙafafunsa, matata ta rasa uwarta da danginta, 'ya'yana suka girma ana nuna su da baki.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana masu aikin ƙarfe, masu walda, maƙera, da samarin da ke kallon irin bidiyon nan suna jin hannunsu yana ƙaiƙayi. Duk wanda ya kawo muku wani abu na bindiga, ko ƙusa ɗaya ce, ko ta toka ce, ko uwarku ɗaya da shi, ku ce a'a, ku bar shi ya kira ku ragwaye. Labarin da zai ba ku mai daɗi ne, za a sa oga a ciki, za a sa iyali da tausayi, amma daga ranar da abin ya bar hannunku ba ku da iko da inda za a nuna bakinsa. Idan matarka ta tsaya a ƙofa ta ce ka mayar, ka mayar. Idan kuma ka riga ka faɗa, kada ka rufa wa kowa asiri da sunan kunya, domin wanda kake rufa wa yana can yana shirya yadda zai ɗora maka duka. Ni na koyi wannan a makare. Akwai wani mutum a bayan Agyaragu da ko na koya ko ban koya ba, gobe da safe sai an ɗauke shi kafin ya fito tsakar gida.